Yadda Gasar Hokin Ƙanƙara ta Duniya ta Kafu

A watan Mayun 1908 ne wakilan Faransa da Birtaniya da Beljiyam da Suwizalan suka zauna a Paris suka kafa hukumar kula da wasan hoki na kan ƙanƙara, wadda ake kira IIHF a yau. Wani Bafaranshe, Louis Magnus, shi ya fara riƙe ragamarta. Kanada, inda wasan ya samo asali, ba ta ma cikin taron.

Da ta shigo kuwa, sai ta hana kowa sakat. Wasan Olamfik na Antwerp a 1920 shi aka lasafta a matsayin gasar duniya ta farko, kuma kulob ɗin Winnipeg Falcons ne ya ɗaukar wa Kanada kofin. A 1930 gasar ta tsaya da ƙafarta, Kanada ta doke Jamus da ci 6 da 1 a Berlin. Shekara da shekaru Kanadawa ba sa wahalar haɗa zaratansu, kulob guda na 'yan sha'awa suke turowa ya lashe ya koma gida.

Tarayyar Sobiyat ce ta kawo ƙarshen wannan raini. Zuwanta na farko, a Stockholm a 1954, ta lallasa Kanada 7 da 2, sannan daga 1963 zuwa 1971 ba wanda ya ƙwace kofin daga hannunta. 'Yan wasanta da yawa sojoji ne a takarda, alhali ba su da aikin da ya wuce hoki. Kanada ta nemi a bar ta ta kawo ƙwararrunta masu albashi, aka ƙi, ta yi fushi ta janye a 1970. Sai 1977 ta dawo, bayan an buɗe ƙofa ga kowa. A ganina wannan rigimar ce ta mayar da gasar ta gaske.

Siyasa ma ta sa hannu. A 1969, 'yan watanni bayan tankokin Sobiyat sun shiga Prague, babban birnin Cekoslobakiya, ƙasar ta doke Sobiyat sau biyu a gasar. Jama'a suka cika titunan Prague da murna, har aka farfasa ofishin kamfanin jiragen saman Sobiyat, Aeroflot.

Yanzu ƙasashe 16 ne ke karawa a rukunin sama kowane watan Mayu, lokacin da wasu taurarin ke can suna neman kofin Stanley a Amurka da Kanada. Turawa ba su damu da rashinsu ba: da Latbiya ta zo ta uku a 2023, majalisar ƙasar ta ba da hutun kwana guda.