Fiyano a Matsayin Ganga: Daga Kiɗan Ga na Akra zuwa Kudancin Kaduna

Da wuya ka shiga coci a Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha ranar Lahadi ka rasa fiyano. Sai dai idan 'yan zumuntar mata suka tashi da tulu da ganga da kacau-kacau, yawanci mai fiyano raka su kawai yake yi da amon da aka gada daga waƙoƙin mishan. Kiɗan na matan ne, shi ɗan rakiya. Mawallafan kiɗa a Ghana da kudancin Najeriya sun daɗe da ƙin yarda da wannan rabo.

Akin Euba na Najeriya, wanda ya rasu a 2020, shi ya yayata ra'ayin a buga fiyano tamkar ganga. J. H. Kwabena Nketia na Ghana ya wallafa darussa 12 a kan wannan tafarki a 1994. Kiɗan kabilar Ga ya dace da tafarkin ƙwarai. Kpanlogo, wanda matasan Akra suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1960, yana tafiya ne a kan ƙaramar kuge mai maimaita bugu ɗaya, ganguna kuma suna saƙa nasu a kai. Mai rubutu sai ya ba hannun hagu aikin kuge, na dama ya ɗauki na babbar ganga, su riƙa saɓawa suna haɗuwa.

Namu na kalangu ya fi wuya, kuma a nan nazarin yake da daɗi. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, muryar ta hau ko ta zame ƙasa, daidai da karin sama da na ƙasa da faɗau na Hausa. Fiyano kuwa ba ya zamewa. Kowane maɓalli muryarsa ɗaya tak. Dabarar da ta rage ita ce a bi hawa da saukar karin kalmomi, a kwaikwayi faɗau da maɓallai biyu ko uku a jere cikin sauri, a kuma rage cunkoson amo domin taken ya fito sarai har mai jin Hausa ya gane abin da aka faɗa.

Masu waƙoƙin fim sun riga sun sa fiyano ya zama ɗan gida, amma mafi yawa da bugun da ke cikin na'urar suke aiki. A ganina matasan kudancin Kaduna, waɗanda suka iya karanta rubutun kiɗa a ƙungiyar mawaƙan coci kuma suka tashi da kiɗan Bajju da Atyap da Gbagyi a kunne, su suka fi kowa cancantar wannan aiki. Su zauna da makaɗan kalangu, su saurara, su rubuta.