Lexus LFA: Motar da Toyota Ta Saƙa

Lexus LFA motar gudu ce ta alfarma mai kujera biyu, wadda kamfanin Toyota na Japan ya ƙera daga Disambar 2010 zuwa Disambar 2012. Guda 500 kacal aka yi, kuma a Amurka kuɗin kowace ya kai dala 375,000.

An soma aikinta a shekarar 2000, a hannun injiniya Haruhiko Tanahashi. Abin ya ba mutane mamaki, domin an san Toyota da motoci masu juriya da tsimin mai irin su Corolla, ba a san ta da gogayya da su Ferrari ba. A cikin kamfanin ma akwai masu ganin ɓarnar kuɗi ce. Waɗanda suka tsaya mata tsayin daka su ne Hiromu Naruse, babban direban gwaji na kamfanin, da ɗalibinsa a tuƙi Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa Toyota, wanda ya zama shugabanta a 2009.

A 2005 aka nuna samfurin farko a Detroit, da gangar jiki ta alminiyam. Sai injiniyoyin suka yi abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba: suka ajiye aikin shekara da shekaru, suka koma ga zaren kabon, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi ƙarfi. Maimakon su ba wa wani kamfani kwangila, sai suka koyi sana'ar da kansu. A nan ne asali ya yi rana, don kuwa gidan Toyoda da injin saƙa ya fara kafin ya san mota. Suka ƙera wata masaƙa mai zagaye, zaruruwa baƙaƙe na shigowa ta kowane gefe suna sarƙewa, har su zama ginshiƙin jikin mota. Kusan kashi 65 cikin ɗari na jikinta kabon ne.

Injin kuwa, mai silinda goma da girman lita 4.8, tare da Yamaha aka yi shi. Yana tashi daga juyin da yake yi in mota na tsaye zuwa juyi 9,000 a minti cikin daƙiƙa 0.6, saurin da allurar agogon mota ta gargajiya ba ta iya bi, dole aka sa agogon dijital. Masana sauti na Yamaha, masu yin kayan kiɗa, sun sa hannu wajen daidaita kukan injin, aka kuma yi masa hanyoyin da zai riƙa shigowa wurin direba. Har yau wannan kuka ne masoyanta suka fi ambato, kuma sun yi gaskiya. Gudunta ya kai kilomita 325 a awa.

Naruse bai ga fitowarta kasuwa ba. A watan Yunin 2010 ya rasu a hatsari kusa da filin tseren Nürburgring na Jamus, yana tuƙa samfurin LFA, yana da shekara 67. Shekara guda bayan haka direba Akira Iida ya zagaye wannan fili da ita cikin minti 7 da daƙiƙa 14.64.

Da hannu aka riƙa haɗa ta a masana'antar Motomachi, kusan ɗaya a rana. Da aka gama ta 500, ilimin kabon ya wuce zuwa wasu motocin Lexus, kuma a wannan ɗakin aiki aka soma haɗa motar Mirai mai amfani da haidirojin a 2014. Wani samfurin LFA na musamman mai suna Nürburgring ya riga ya haura dala miliyan ɗaya a kasuwar gwanjo.