Tarihin Maganin Gocewar Kwatangwalo Ga Yara

Yau za mu ba ku tarihin wata cuta wadda ta daɗe tana sa yara ɗingishi, watau gocewar ƙashin kwatangwalo tun daga haihuwa.

Ku fara sanin yadda gaɓar ta ke. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle, yana zaune cikin wani gurbi a kwatangwalo, kamar taɓarya cikin turmi. Ga jariri, yawancin gurbin nan guringuntsi ne mai taushi, ba ya yin zurfi sai in kan ƙashin yana cikinsa. In kan ya fita ya daɗe a waje, sai gurbin ya zama kamar faranti, kitse ya cika shi. Jijiyar da ke riƙe da kan ƙashin ta yi tsawo ta yi kauri. Jakar da ke lulluɓe da gaɓar ta miƙe, ta tsuke a tsakiya kamar kalangu. Leɓen gurbin ya lanƙwashe ciki, naman cinya kuma ya gajarce. Kowane wata da ya wuce, hanyar komawa ƙara toshewa ta ke yi.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitan Yunanawa da Larabawa ke kira Bukrat ya yi bayanin cutar. A 1826 Dupuytren, wani babban likita a birnin Faris, ya bayyana ta dalla dalla, amma a ganinsa ba ta da magani. Sa'an nan a ƙarshen ƙarni na 19 Lorenz na ƙasar Ostiriya ya riƙa sa yara barci, ya mai da ƙashin da ƙarfin hannu, ya ɗaure da filasta. Waɗansu sun warke. Amma da yawa matsin ya tare hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin, kan ya lalace. Nan likitoci suka koyi cewa ƙarfi ba ya gyara gaɓar yaro.

Haske ya zo daga Italiya. Wata uwa ce ta faɗa wa likita Ortolani cewa tana jin wani ɗan ƙas a kwatangwalon ɗanta in tana yi masa wanka. Ya saurare ta, ya bincika, a 1937 ya buga hanyar gane cutar da hannu tun yaro yana jariri. Daga baya Pavlik na Cekosulobakiya ya ƙago maɗauri mai laushi wanda ke riƙe ƙafafun jariri a buɗe kamar zaman kwaɗo, yana barinsa ya yi ta motsi, ƙashin ya koma da kansa. A 1980 Graf na Ostiriya ya nuna yadda za a ga gaɓar da irin na'urar da a ke duba cikin mai juna biyu.

To, ga yadda sakamakon ya ke yau. In an gane kafin wata 6, maɗaurin nan yakan warkar da wajen 9 cikin 10. Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi, yawanci sai an sa barci an mai da ƙashin an sa filasta. Bayan nan sai aikin wuƙa, wani lokaci har a yanka ƙashi a gyara gurbin. Wanda aka bari kuwa zai tashi da ɗingishi, gaɓar ta cinye tun yana da sauran ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai abin farin ciki gare mu. Inda a ke naɗe jariri ƙafafu a miƙe a haɗe, cutar ta fi yawa. A Japan aka yi gangamin hana wannan naɗi a 1975, cutar ta ragu ƙwarai. Goyon da matanmu ke yi, ƙafafun yaro a buɗe a bayan uwa, shi ne zaman da gaɓar ke so. Ku riƙe shi.

Duk da haka kada ku yi sake. Cutar ta fi kama 'ya'ya mata, da ɗan fari, da wanda ya zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu, da wanda a ke da ita a danginsu. Ba ta yi wa jariri ciwo, don haka ba zai yi kuka ya sanar da ku ba. In kun ga ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko cinya ɗaya ba ta buɗuwa kamar 'yar'uwarta wajen wanka, ko yaro ya fara tafiya da ɗingishi, kada ku kai shi wurin maɗori, don wannan ba karaya ba ce. Ku kawo shi ɗakin shan magani, malamin asibiti zai duba, ya tura ku ga likita.

Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.