Tarihin Maginan Gilashi na Cikin Teku

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki ya watsa a ruwayen duniya akwai wani tsiro mai ƙwayar halitta guda tak, wanda ido ba ya riskarsa sai da madubin ƙara girma, masana na ce da shi dayatom. Shi dai yakan tsotsi silika, watau asalin rairayi, daga ruwan da yake ciki, ya gina wa kansa gida na gilashi mai ƙananan huduji a jere, kowane jinsi da irin zanensa.

'Yan Adam sun daɗe suna cin moriyar gidajen nan alhali ba su san sirrin gininsu ba. A shekarun 1830 ne wani malami Bajamushe, Ehrenberg, ya tabbatar cewa wata farar ƙasa marar nauyi da ake haƙowa kufan waɗannan halittu ce, kuma da ita Alfred Nobel ya cuɗa ruwan nakiya mai saurin fashewa har ya lafa, ya yi rajistar dainamait a 1867. Mu ma ba baƙinta ba ne, domin wani kaso na hazon hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar irinta jibge.

Abin da ya gagari ma'abota ilmi zamani mai tsawo shi ne wannan: masu gilashi na Bida sai sun hura wuta mai tsanani kafin aiki ya yiwu, amma wannan ɗan tahaliki yana nasa a cikin ruwan sanyi. Sai a 1999 Nils Kröger da Manfred Sumper da abokin aikinsu, a jami'ar Regensburg ta Jamus, suka narkar da gidan wani dayatom na teku, Cylindrotheca fusiformis, suka tsamo wasu furotin da suka sa wa suna silafin. Da suka zuba su cikin ruwa mai ɗauke da narkakkiyar silika, kafin ƙiftawar ido sai ga ƙananan dunƙulen gilashi suna sauka a ƙasan kwalba, hujja bayyananniya cewa an kama magini da hannu. Lalle wannan bincike ya cancanci yabo fiye da dainamait, ko da yake bai kai shi suna ba.

A 2004 aka kammala karanta kundin gadon halittar wani dayatom na teku, Thalassiosira pseudonana, daga nan kuma aka ci gaba da gano wasu furotin na ginin, irin su silasidin da singulin.