Tsarin OSI: Tarihin Hawa Bakwai na Sadarwar Kwamfuta

Tsarin OSI wani zane ne da ya kasa aikin sadarwa tsakanin kwamfutoci gida bakwai, kowane gida da nasa aikin, ɗaya bisa ɗaya kamar hawan bene. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ce ta fitar da shi a 1984 da lamba ISO 7498, kwamitin tarho na ƙasa da ƙasa, CCITT, kuma ya buga irinsa da sunan X.200. Yana cikin darussan farko da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ke haddacewa a fannin sadarwa, ko da yake intanet ɗin da duniya ke amfani da ita yau ba a kansa aka gina ta ba.

Asalinsa

A farkon shekarun 1960 Paul Baran na cibiyar RAND a Amurka, sannan Donald Davies na ɗakin binciken kimiyya na ƙasa a Ingila a 1965, kowannensu ya kawo dabarar daddatsa saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ya kama hanyarsa, a harhaɗa su a inda suka sauka. Da wannan dabara aka gina hanyar sadarwa ta ARPANET, wadda saƙonta na farko ya tashi daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar SRI ranar 29 ga Oktoba 1969. Faransa ma ta gina tata, CYCLADES, a ƙarƙashin Louis Pouzin.

Daga nan fa kowa ya kama gabansa. IBM ya fito da tsarinsa na SNA a 1974, kamfanin DEC ya biyo da DECnet a 1975, kuma kwamfutar wannan ba ta jin yaren ta wancan. Wanda ya sayi injin IBM, to ya ɗaure kansa ke nan. Duk abin da zai ƙara sai dai ya koma wurinsu. Kamfanonin tarho, waɗanda a Turai galibinsu na gwamnati ne, suka amince da nasu ƙa'idojin, X.25, a 1976, don kada cinikin ya kuɓuce musu.

A 1977 wakilan Birtaniya suka nemi ISO ta kafa kwamitin da zai tsara ƙa'ida ɗaya wadda ba mallakar kowa ba. Aka ba Charles Bachman na kamfanin Honeywell shugabanci, aka yi babban zama na farko a Washington a 1978. Hubert Zimmermann, Bafaranshen da ya yi aiki da Pouzin a CYCLADES, yana cikin waɗanda suka fi tasiri a zanen, kuma maƙalarsa ta 1980 ce ta yaɗa shi a tsakanin masana.

Hawa bakwai

Ana ƙirga su daga ƙasa. Na ɗaya shi ne abin da hannu ke taɓawa ko na'ura ke aunawa: waya, zaren gilashi, igiyar rediyo, da yadda ake mai da sifili da ɗaya su zama wuta ko haske. Na biyu yana kula da isar da bayani tsakanin na'urori biyu da ke kan layi ɗaya; a nan Ethernet take, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Xerox PARC a 1973. Na uku yana nemo hanya daga wannan gari zuwa wancan, aikin rauta ke nan. Na huɗu yana tabbatar da cewa saƙon ya isa cikakke kuma a jere. Na biyar yana buɗe zance da rufe shi, na shida yana daidaita siffar bayanan, na bakwai kuwa shi ne mafi kusa da manhajar da mutum ke dannawa.

Hikimar tana cikin abin da ke faruwa idan aka tura saƙo. Yana saukowa daga sama, hawa bayan hawa ana liƙa masa ɗan bayani a goshi: na huɗu ya sa lambar ƙofa, na uku ya sa adireshin inda za shi, na biyu ya sa lambar na'ura ta gaba. A ɗaya ɓangaren sai a riƙa ɓare su har saƙon ya fito yadda ya shiga. Babu hawan da ya damu da yadda na ƙasansa ke yin aikinsa. Shi ya sa mutum zai bar Wi-Fi na ofis ya koma kan datar wayarsa ba tare da an sake rubuta manhajar imel ɗinsa ba.

Takara da TCP/IP

Ana can ana zaman kwamiti, Vint Cerf da Robert Kahn sun riga sun buga tasu dabarar tun Mayun 1974. Aka raba ta biyu, TCP da IP, aka fitar da cikakkun ƙa'idojin a Satumban 1981, ARPANET kuma ta koma kansu ranar 1 ga Janairu 1983. A shekarar ce jami'ar California da ke Berkeley ta saka su cikin Unix ɗinta, 4.2BSD, suka bazu a jami'o'i.

Duk da haka, a tsakiyar shekarun 1980 mutane da yawa sun ɗauka TCP/IP na riƙon ƙwarya ne kafin OSI ya nuna. Gwamnatocin Turai suna bayansa. Ita kanta gwamnatin Amurka ta fitar da umarnin GOSIP a 1988, wanda ya wajabta wa ma'aikatunta sayen kayan da suka dace da OSI daga 1990. Sai dai tafiyar hawainiya ta yi masa illa. Kowace ƙasa da kowane babban kamfani yana son a saka buƙatarsa, ƙa'idojin suka kumbura da zaɓe-zaɓe, har ta kai na'urori biyu duk suna bin OSI amma ba lallai su fahimci juna ba. Takardun ISO da kuɗi ake sayensu, na intanet kuwa kyauta ne ga duk mai so. A ganin mai wannan rubutu, wannan bambanci na kuɗi ya yi aiki fiye da yadda ake ba shi muhimmanci, domin ɗalibi da malamin jami'a abin da ya zo hannunsu shi suke gwadawa.

A 1992 majalisar da ke sa ido kan tsarin intanet ta ba da shawarar ɗauko wata ƙa'idar OSI, CLNP, don maganin ƙarancin adireshi. Injiniyoyin IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, suka yi mata ca a taronsu na Yuli, dole ta janye. A lokacin kuma shafukan yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a CERN sun fara yaɗuwa a kan TCP/IP. A 1995 Amurka ta sassauta umarnin GOSIP, magana ta ƙare.

Abin da ya saura

Ƙa'idojin sun sha ƙasa, amma zanen ya zauna daram a aji da wurin aiki. TCP/IP hawa huɗu ne kawai bisa takardar RFC 1122 ta 1989, ba shi da na biyar da na shida a ware, shi ya sa waɗannan biyun ke ba ɗalibai wuya: da ƙyar malami ke samun misalin da zai nuna. Amma lambobin OSI ne masu gyara ke kira. Idan sadarwa ta yanke a ofis, ƙwararre daga ƙasa yake farawa: ya duba ko waya ta zare, ko ƴar fitilar bakin ramin da ake soka wayar tana ƙiftawa, sannan ya duba adireshi, kafin ya zargi manhaja. Cikin raha sukan ce matsalar ta hawa na takwas ce, wato mai amfani da kwamfutar.

Wasu sassan aikin OSI ma suna nan da ransu. Manyan kamfanonin sadarwa da dama suna amfani da ƙa'idar IS-IS wajen zaɓen hanya, ƙa'idar LDAP ta binciken kundin bayanai daga tsarin X.500 na OSI ta samo asali, takardar shaida ta X.509 kuma, wadda aka fara fitarwa a 1988, ita ce burauza ke dubawa kafin ta amince da shafin banki.