Zaiba Da Zinariya A Ƙasar Zamfara

Zaiba wani irin ƙarfe ne fari mai ƙyalli, wanda yake zaune a narke kamar ruwa. In aka zuba ta a faranti sai ta watse ƙwaya-ƙwaya, tana gudu kamar mai rai. Sunan nan daga Larabci aka aro shi. Abin da ya gama ta da mutanen Talata Mafara da Maradun da Bakura kuwa shi ne zinariya.

Tun zamanin Turawa aka san akwai zinariya a kudancin Lardin Sakkwato. An haƙa ta ƙwarai a shekarun 1930, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso sai aikin ya ja baya. Da kuɗinta ya hau wajen 2009, manoma da yawa suka ajiye fartanya suka faɗa ramuka.

Ga yadda ake aikin. A farfasa dutse, a niƙe shi ya zama gari, a wanke a tasa, sa'an nan a zuba zaiba a murza da hannu. Ita ke tsince zinariya daga cikin yashi. Sai a matse a ƙyalle, a ɗora curin a wuta. Zaiba ta tashi, zinariya ta rage. To, nan ne masifar take, gama tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Mai shaƙarsa kullum yakan gamu da makyarkyata da mantuwa da ciwon ƙoda. Wadda ta bi ruwa kuma takan taru a jikin kifi. Wannan abin lura ne ga masu cin kifin madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, take kuma shayar da gonakin Mafara da Bakura.

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka rasu. Amma ba zaiba ce ta kashe su ba, dalma ce da ke cikin dutsen, wanda aka riƙa niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma ta yi ɓarnarta a fili, ita kuwa zaiba a ɓoye take yin tata.

Mutanen Minamata ta ƙasar Japan sun ɗanɗana wannan tun 1956, daga kifin da suka ci. Da sunan garinsu ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage zaiba a 2013, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2018.

Akwai dabaru biyu da suka fi sauƙin haɗari. Ɗaya, a ƙona curin cikin rufaffiyar tukunya mai bututu, tururin ya huce ya koma zaiba, a sake aiki da ita. Ga lafiya, ga tsimin kuɗi. Ɗayar kuwa ta masu haƙa na ƙasar Filifin ce: a wanke garin da kyau, a gauraya da wani farin gishiri da ake kira boras, a narka, datti ya ware, zinariya ta kwanta. Sai dai tana bukatar wuta mai ƙarfi da haƙurin wanki.

A ma'aunin zazzaɓi ma an sami abin da zai maye gurbinta, watau gamin galiyam, ƙarfen da aka gano a Faransa a 1875. Shi zafin tafin hannu ma ya isa ya narkar da shi, balle ranar bazara ta Mafara.