Karo-karon yin fim: Daga manoman Gujarat zuwa Kickstarter

Mai karatu, akwai wani aboki na, matashin darakta, da ya shekara biyu ya na yawo da labarin fim a jakar sa. Duk furodusan da ya karanta sai ya ce labari ya yi, amma a ƙara waƙoƙi uku, a cire tsohuwar da labarin ya ginu a kan ta, a kawo jarumar da ake yayi. Kwanan baya mu na zaune a shagon wani edita sai ya ce mani shi fa ya gaji, zai roƙi 'yan kallo a intanet su tara masa kuɗin aikin, tunda ya ji haka Turawa su ke yi. Na ce masa gaskiya ne su na yi, amma kafin ka miƙa ƙoƙon ya kamata ka san inda abin ya samo asali, su wa ya yi wa rana, su wa kuma ya bari da cizon yatsa. Abin da na gaya masa ran nan shi ne na ke son mu tattauna da kai a wannan watan.

Da farko dai, karo-karo ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1885 ƙasar Faransa ta aika wa Amurka kyautar ƙaton mutum-mutumin nan na 'yanci da ke tsaye a bakin ruwan New York, amma kuɗin gina dandamalin da za a ɗora shi a kai ya ƙare. Sai wani mai gidan jarida, Joseph Pulitzer, ya yi shela a jaridar sa mai suna New York World cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuma ya yi alƙawarin buga sunan duk wanda ya bayar, komai ƙanƙantar kuɗin. Cikin wata biyar mutum sama da 120,000 su ka tara fiye da dala 100,000, akasarin su abin da su ka bayar bai kai dala ɗaya ba. Ka lura da dabarar: talaka ya ba da kwabon sa, ya ga sunan sa a jarida. Har gobe a kan wannan ake tafiya.

A fagen fim kuwa, misalin da ya fi burge ni daga Indiya ya fito. A 1976 darakta Shyam Benegal ya shirya 'Manthan', labarin wani likitan dabbobi da ya je ƙauye don ya haɗa kan masu sayar da madara su kafa ƙungiyar gama-kai, su huta da zaluncin mai kuɗin da ke saye a hannun su da arha. Girish Karnad ne likitan, akwai Smita Patil da Naseeruddin Shah, shi kuma mai kuɗin ba kowa ba ne illa Amrish Puri, wanda mu ka fi sani da Mugambo. To wa ya biya kuɗin aikin? Manoma ne su 500,000 na ƙungiyoyin madara na Jihar Gujarat, bisa shawarar jagoran su Verghese Kurien. Kowanne ya ba da rufi 2, aka tashi da rufi miliyan 1. A farkon fim ɗin, inda aka saba rubuta sunan furodusa, su aka rubuta. Da fim ya fito sai su ka riƙa cika manyan motoci daga ƙauyuka su na zuwa silima, don ai nasu ne. Ya ci kyautar gwamnatin Indiya ta fim ɗin Hindi mafi kyau, kuma a 2024, bayan an gyara hoton sa, an sake nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa.

Riƙe wannan misalin da kyau, za mu dawo kan sa. Waɗannan manoman ba baƙin juna ba ne. Su na da ƙungiya, su na da shugaban da su ka yarda da shi, kuma labarin rayuwar su ne aka ɗauka.

Intanet ta shigo zancen ne a 1997, ta hannun mawaƙa. Wata ƙungiyar kiɗa ta Ingila mai suna Marillion ta sanar da masoyan ta cewa ba ta da halin zuwa wasa Amurka. Su masoyan da kan su su ka haɗa kai a intanet su ka tara kimanin dala 60,000, aka yi tafiyar. Ganin haka, da za su yi kundin waƙoƙin su na 2001, sai su ka ce wa masoya su biya tun kafin a shiga sutudiyo. Mutum sama da 12,000 su ka biya. A 2003 aka buɗe dandalin ArtistShare a Amurka don irin wannan ciniki, har mawaƙiya Maria Schneider ta ci kyautar Grammy a 2005 da kundin da masoya su ka biya kuɗin sa. Indiegogo ya zo a 2008, sannan a watan Afrilu 2009 Perry Chen da abokan sa biyu su ka buɗe Kickstarter, wanda sunan sa ya fi na kowa tashi.

Ga yadda Kickstarter ke aiki. Za ka bayyana aikin ka, ka faɗi adadin da ka ke nema da ranar rufewa, ka jera tukwicin da kowane mai bayarwa zai samu: wannan sunan sa a ƙarshen fim, wancan riga, wani kwafin fim ɗin, mai babban hannu kuma gayyata zuwa lokeshin. Idan ranar ta cika ba a kai adadin ba, ko da saura dala ɗaya, ba a cire ko sisin kowa, kai ma ka tashi a tutar babu. Idan an kai, dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, ban da ladar masu tura kuɗi. Kuma kar ka ɗauka kowa ke dacewa. Fiye da rabin ayyukan da ake sakawa ba su kai wa ga abin da su ka nema.

Shekarar 2013 ce abin ya girgiza Hollywood. Akwai wani shirin talbijin, 'Veronica Mars', da aka dakatar a 2007. Marubucin sa Rob Thomas da jaruma Kristen Bell su ka nemi dala miliyan 2 don su maida shi fim. Kafin a cika awa 12 kuɗin ya haɗu. Da aka rufe, mutum 91,585 sun ba da dala miliyan 5.7. Wata guda bayan haka jarumi Zach Braff ya tara dala miliyan 3.1 don fim ɗin sa 'Wish I Was Here', shi ma Spike Lee ya tara kusan miliyan 1.4. Ƙananan masu fasaha ma sun ɗanɗana: gajeren katun ɗin nan 'Hair Love' na Matthew Cherry, wanda ya nemi dala 75,000 a 2017 ya samu ninkin ta kusan huɗu, ya ci kyautar Oscar a 2020.

To a nan fa gizo ke saƙar. A farkon 2014 Zach Braff ya kai fim ɗin sa bikin Sundance, kamfanin Focus Features ya sayi haƙƙin rarraba shi a kan dala miliyan 2.75. Su kuma mutum 46,000 da ɗoriya da su ka zuba kuɗin su fa? Ko anini ba su da shi a cinikin, domin tun farko tukwici aka yi masu alƙawari, ba hannun jari ba. 'Veronica Mars' kuwa dama mallakar Warner Bros. ne, talakawa su ka biya, kamfani ya riƙe kayan sa. Surutu ya yi yawa a lokacin, ana cewa yaya masu hali za su riƙa bara a wurin marasa hali? A Amurka sai a watan Mayu 2016 ƙa'idar da ta ba kowa damar sayen hannun jari ta hanyar karo-karon intanet ta soma aiki. A Nijeriya kuma hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da nata ƙa'idojin a Janairu 2021, inda ta ce duk mai neman jari daga jama'a ta wannan hanyar sai ya bi ta dandalin da ke da rajista.

Akwai wanda ya bi wata hanyar daban. A kudancin Indiya, darakta Pawan Kumar ya rasa furodusan da zai ɗauki labarin sa 'Lucia', fim da harshen Kannada. Sai ya kai kukan sa ga 'yan kallo a intanet. Mutum 110 kacal su ka haɗa masa kusan rufi miliyan 5 cikin ƙasa da wata guda, a matsayin masu jari. Fim ya fito, ya yi kasuwa, ya kuma ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin finafinan Indiya na London. Wannan ya fi kama da halin da aboki na ke ciki: ƙaramar industiri, harshen gida, labarin da 'yan kasuwa su ka ƙi.

Yanzu mu dawo gida. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan harka. Mu ne masu adashi, mu ne masu gayya a gona, mu ne masu gudunmawar biki, kuma marubutan mu sun daɗe su na maida kuɗin ɗab'i a wurin ƙaddamar da littafi. Haka kuma mun san ciwon dogaro da aljihu ɗaya. A zamanin kaset da sidi, dillalan Ƙofar Wambai da Bata ne ke da ta cewa a kan irin fim ɗin da za a yi. Da kasuwar sidi ta mutu, aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da talbijin irin su 'Izzar So' da 'Labarina', sai ikon ya koma hannun masu talla da yawan masu kallo. Fim mai nutsuwa, na tarihi ko na rayuwar ƙauye, har yanzu maraya ne.

Sai dai duba duk misalan da na kawo maka. Manoman Gujarat su na da ƙungiya tun kafin fim. Marillion ta shekara fiye da goma ta na tara masoya. 'Veronica Mars' ya yi zango uku a talbijin. Ba wanda intanet ta ƙirƙiro wa jama'a daga sama. Abin da ta yi shi ne ta gajarta tafiya tsakanin mai fasaha da mutanen da dama sun yarda da shi. Yarda kuwa ita ce ta fi ƙaranci a wurin mu. Mutumin da aka sha damfara da sunan taimako a waya, ba zai tura maka naira dubu biyar don kawai ka sa hoton fosta ba.

Don haka na ce wa aboki na abu uku. Ya fara da ɗan gajeren fim da zai iya yi da abin hannun sa, mutane su ga aikin sa. In ya tashi nema, ya faɗi gaskiya tun ranar farko: kyauta ce, sayen tikiti ne tun kafin fim ya fito, ko jari ne mai riba da asara? Sannan ya buga lissafin kowace naira a fili, na kyamara, na abinci, na sallamar 'yan wasa, ya kuma cika alƙawarin rana. In ya ci amanar mutum ɗari na farko, ba kan sa kaɗai ya cuta ba, ya rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayan sa.

Kai kuma mai karatu, ran da wani ɗan fim ya miƙo maka irin wannan ƙoƙon, tambaye shi kafin ka zuba: idan fim ya fito, na waye? In ya amsa maka ba tare da kame-kame ba, taimaka masa da abin da ya sawwaƙa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu ga ranar da za a buɗe fim ɗin Hausa a rubuta cewa 'yan kallo ne su ka ɗauki nauyin sa, amin.